Ni Na Cire Ayisin Masallaci, Ladan Aka Ɗora Wa Laifi

Assalamu alaikum, mai shafi da masu karatu. A sakaya sunana, kuma don Allah ku karanta har ƙarshe kafin ku zage ni, na riga na zagi kaina ya ishe ni.

Gyaran rediyo nake yi a Illela, amma abin da ya fi cin raina shi ne harhaɗa amfilifaya, na'urar ƙara sauti, da hannuna. Akwai wani tsohon ayisi na sauti, wato ƙwaƙwalwar amfilifaya, baƙi, mai faɗin kwalin ashana biyu, wanda aka daina ƙerawa tun da daɗewa. Na asalin yana da nauyi a hannu, sautinsa garau. Na kasuwa yanzu duk jabu ne, ka ɗauka ka ji shi sakayau. Na neme shi har Ƙonni, na tona tsofaffin rediyoyi ba adadi, ban samu ba. Kwatsam sai ga shi ya zo har teburina.

Ladanin wani masallaci ta wajen Tozai ne ya kawo min amfilifayarsu, dattijo mai furfura da kowa ke kira Baba Ladan. Ya naɗo ta cikin wani koren ƙyalle kamar jaririya. Ya ce, "Ɗana, duba muna mi yas same ta, muryata na tsinkewa." Waya ce kawai ta saki, aikin minti biyar. Amma ina buɗe murfin na gan shi, ɗan asali, ko ƙwarzane babu. Na ce ya dawo jibi. Na narka dalma na cire shi, na liƙa jabu a gurbinsa, ina ce wa kaina ai kiran salla ne kawai, wa zai gane bambanci? Kayan masallaci fa! Wane irin mutum ne ni?

Ba a yi sati uku ba jabun ya ƙone, ranar Juma'a, ana tsakiyar huɗuba, har da hayaƙi. Manyan masallacin suka zo shagona su uku, Baba Ladan na biye da su. Ɗayansu ya ce, "Kai ka gyara ta, hwaɗa muna gaskiya, mi yaƙ ƙone ta?" Maimakon in faɗi gaskiya, sai idona ya sauka kan koren ƙyallen nan. Na tambaya ko da shi ake rufe ta. Baba Ladan ya ce e, kullum, don kar zanzaro ya yi gida a ciki. Sai na ji bakina yana cewa, "To shi ne. Ya hana ta shan iska, zafi ya ƙone ta." Ya dube ni ya ce, "Shekara da shekaru ina ruhe ta, ba ta taɓa yin haka ba." Na ce ai yanzu ta tsufa. Suka yarda da ni, tunda ni ne mai sukurdireba a hannu.

Suka karɓe makullin ɗakin lasifika daga hannunsa, suka ce tsufa ya fara taɓa shi, suka sa wani yana kiran salla. Mutumin da tun kafin a haife ni muryarsa ke tashin garin, yanzu sahu na biyu yake zama. Ni kuwa na haɗa amfilifayata, ta yi daɗin da na yi shekaru ina mafarki, amma ko minti goma ba na iya sauraronta. In kunna in kashe, in fita ƙofar shago in dawo. Abinci ma ba ya min daɗi. Matata ta tambaye ni ko ciwo nake, na ce zafin gari ne.

Ranar Lahadin da ta wuce, ranar kasuwa, ya biyo ta shagona. Na zaci rigima ya zo yi, har na ji sanyi a raina, na ce yau dai ta ƙare. Ashe gaisuwa ya kawo. Ya tarar na kunna karatu a amfilifayar, ya tsaya ya saurara, ya ce, "Kai, sautin ga awa na tamu." Wato kunnensa ya ji kamar sautin amfilifayarsu. Ya shafa murfinta a hankali, sannan ya ce, "Ɗana, kak ka ruhe ta da ƙyalle. Kak ka yi irin kuskuren da niy yi."

Ya yarda fa. Na sa dattijo ya yarda shi ne mai laifi, har yana yi min nasiha da ƙaryata.

Ayisin yana nan, zan iya mayar da shi cikin rabin awa. Amma in na mayar a ɓoye, wa zai mayar masa da makullinsa? Sai na tsaya gaban manyan nan na ce ni ɓarawon masallaci ne, kuma kun san garinmu, kafin la'asar labari ya kai Amarawa, babu mai sake kawo min ko tocila. Ina da iyali. Shi kuma kullum sau biyar yana jin wani yana kiran salla a madadinsa.

Jama'a, ya ce zai sake biyowa kasuwa mai zuwa. Me zan yi?