Bindigar Orrin da ɗakin Colter

Litinin, 4 ga Maris

Na sake mafarkin mijina Orrin. Yana tafe kan dusar ƙanƙara ba ya barin sawu, bindigar nan rataye a kafaɗarsa. Shekara biyu da binne shi, amma a mafarki har yanzu ƙorafin gwiwarsa yake yi.

Da asuba na hau tudun bayan garke da ita. Dila ɗaya ya leƙo wajen maruƙa, ban harba ba. Na zauna dai ina riƙe da ita har hannuna ya daskare. Ƙotar ta lotsa daidai inda kuncinsa yake kwanciya.

Alhamis, 7 ga Maris

Colter ya bugo daga gidan yari. Za su sake shi farkon Afrilu. Ɗana zai dawo gida. Na rubuta ne don in gani da idona.

Laraba, 13 ga Maris

Na je Miles City wajen lauya Haskell, matar da ta tsara wa Orrin takardar amana lokacin da ya sayi bututun rage ƙarar bindiga, wai don kada harbi ya riƙa firgita shanu masu ciki. Irin wannan kaya hukuma ba ta sakaci da shi. Shi ya sa bindigar da bututun ba sunan mutum suke ba, na amanar ne, kuma wanda aka rubuta a ciki kaɗai ke da ikon riƙe su. Da mu biyu ne, yanzu saura ni. Magaji kuwa Colter, tun kafin ƙwaya ta kai shi inda ta kai shi.

Ta yi min bayani a hankali kamar mai ba yaro magani. Wanda aka ɗaure kan babban laifi ba ya taɓa bindiga kuma. Jami'in da zai riƙa sa masa ido ba zai yarda ya zauna gidan da take ba, ko tana kulle cikin akwatin ƙarfe. Ko ita, ko shi.

Mafita ɗaya: in ƙara wani cikin amanar, ya ajiye ta a gidansa. Ta ambaci Delbert. Na juya ina kallon tagarta.

Lahadi, 17 ga Maris

Delbert fa! Ƙanen Orrin da suka shekara ba sa ga maciji a kan rigimar shinge. Bayan coci ya tare ni, bakinsa cike da tabar tauna.

"Maxine, an ce za ki ba ni amarya."

"Aro ne, tsohon banza. Kai da ko rumbu ba ka iya samu da harsashi."

Ya yi dariya, sai kuma ya cire hula. "Yaron ya dawo gida dai. Sauran duk ƙarfe ne."

Na ji haushinsa ƙwarai, don gaskiya ya faɗa.

Talata, 19 ga Maris

Ban kira lauya ba.

Asabar, 23 ga Maris

Na gyara ɗakin Colter, na wanke labule. Daga nan na tsinci kaina a tudu kuma. Hazo ya cika kwari, shanu kamar suna iyo a ciki. Na yi ta yi wa Orrin hira, farashin ciyawa, famfon da ke yoyo. A can kaɗai nake jin yana saurare. Tsoro nake ji in bindigar ta bar gidan nan shi ma ya bi ta.

Laraba, 27 ga Maris

Mun sa hannu a takardar amanar, ni da Delbert. Ya zo da a-kori-kurarsa, ya shimfiɗa wa bindigar bargo a kujera tun ban ce ba. Ban raka shi ƙofa ba.

Juma'a, 5 ga Afrilu

Colter ya iso. Ya rame. Yana cin abinci da sauri, hannu ɗaya kewaye da faranti. Da ya wuce ta falo ya ga akwatin ƙarfen a buɗe, wayam, sai ya tsaya.

"Mama, ta Baba fa?"

"Tana wajen baffanka. Diloli sun dame shi."

"Saboda ni ne."

"Ƙara wake," na ce.

Talata, 9 ga Afrilu

Diloli sun kashe mana maraƙi ɗaya, jan nan mai farin goshi. Colter ne ya gano shi, ya shigo yana ba ni haƙuri kamar shi ya cinye shi. Ya ce in kira Delbert ya zo da bindigar, shi zai fita hanya ya jira har a gama. Na dube shi tsaye, a zuciyarsa har ya ɗauki jakar tafiya, yaron da bai cika mako a gida ba.

Na ce ba mai fita ko'ina. Mun kora maruƙan cikin rumfa mu biyu, yana ta zamewa a laka yana zagin takalminsa.

Maraƙi dai asara ce, da Orrin ne da ya yi kwana uku yana faɗa. Ni kuwa na nemi baƙin cikin a raina ban same shi ba.