Kowa Ya Samu Anko Ban da Tela

Dapaong, ranar Talata.

Zuwa ga Khairiya, sanyin idona, ruwan randata a tsakar rana, furen zoɓon da ya fara ja a farkon kaka, wadda Allah Ya jarrabe ni da sonta har na rasa inda zan sa kaina!

Ina gaishe ki, ina gaida Inna Memounatou da duk mutanen gida a Sokodé. Bayan gaisuwa, raina a ɓace yake, kuma ba zan ɓoye miki ba. Na koma ga takarda ne saboda waya ta zame miki ƙofar gudu: ki ɗauka, ki ce za mu yi magana, ki kashe.

Kin tuna bara, ranar da ruwan ƙarshen damina ya tsare mu a rumfar mai gyaɗa a tashar Sokodé? Kina ɓare dafaffiyar gyaɗa, kina zuba min a tafin hannu, kika gaya min cewa lokacin cirar gyaɗa aka haife ki, kuma tunda kike ba a taɓa tara miki ko mutum uku don ranar haihuwarki ba. Da dariya kika faɗa, amma idonki bai yi dariya ba. A nan na yi miki alkawari cewa ranar da za ki cika shekara ashirin da biyar, sai unguwa ta san an haife ki. Wayyo ni da bakina!

Tun watan jiya ban huta ba. Kika riƙa turo min hotunan kakar Turawa, jajayen ganyaye da kabewa mai ido da baki, kina cewa irin wannan kike so. A ina zan samo miki bishiya mai jan ganye, ke kuwa? Na ce to mu yi da tamu kakar: a daka sakwarar sabuwar doya, a jera gyaɗa a faifai. Kika ce ke ba manomiyar ƙauyen Aouda ba ce. Na haɗiye. Na sake shawara, na ce a tsaya kan launi guda, ruwan goro, a soka zangarniyar jar dawa cikin tuluna a bakin ƙofa, a cika kwalabe da zoɓo, gato ma, wato kek ɗin bikin, a yi masa kalar kabewa. Sai ga muryarki ta yi haske kamar an wanke sama! Ni na hau babur har garin Naki-Est na roƙo dawar a gonar abokina. Ni na kwance wa mai atamfa rabin shagonta kafin na sami mai zanen ganye, ruwan goro da ɗan ja, na aika miki ƙyallenta ki gani. Kika ce wannan ce ankon bikin, ba wata.

To ina nawa, Khairiya? Ina yadi biyun da za su yi min riga?

Ranar Laraba 'yar'uwarki Nabila, wadda ke aure nan, ta shigo shagona da atamfar a leda, wai kin aiko mata, in ɗinka kafin Asabar ɗin bikin. Kafin la'asar mata huɗu na danginku sun biyo bayanta, kowacce da tata. Na amsa, na auna, na ja alli, ina ta kallon ƙofa ko tawa na tafe. Da Nabila ta tambaye ni wane ɗinki zan yi wa kaina, sai na duƙa ina neman almakashin da ke hannuna. Ni da na zaɓi zanen, ni ke yanka shi ga wasu! Akwai wulaƙancin da ya kai wannan laushi?

Kada ki ce kin manta. Wadda ta tuna da matar ƙanen mijin Nabila ba ta manta da ni ba. Na san abin da ke ranki, ya hasken gidana na gobe: duk namijin da ya shiga tsakar gidanku sanye da ankon dangi, an gama magana, Inna Memounatou ba za ta tambayi ko wane ne ba, sai dai ta tambayi yaushe manyansa za su zo. Shi kike tsoro? Ni kuwa shi nake jira tun ranar gyaɗar nan. Har yaushe zan zauna a matsayin telan Dapaong mai kirki, wanda ake gode wa a waya, a ɓoye shi in baƙi sun zo?

Ba atamfar ce ta gagare ni ba. Mai ita tana nan, taku kaɗan daga shagona, saura bandir guda a wurinta. Ƙyallayen da suka rage daga rigunan nan biyar ma na shimfiɗa su a tebur jiya, na ga za su yi riga tsaf, ba mai gane haɗi ce. Har na sa zare. Sai na tsaya, don kin sani na sani, anko ba a saya wa kai, ba a kuma tsintarsa a ƙasa. Wanda ake so a gani shi ake ba.

Salifu direba, wanda zai miƙa miki wannan takarda da damin dawar, zai juyo ranar Alhamis. In ya zo da leda, kafin Juma'a ta yi rana rigata ta haɗu, Asabar kuma ki gan ni a ƙofarku, in durƙusa in gaida Inna da sunana. In ya zo hannu wofi, bikinki zai yi kyau duk da haka, domin babu ɗinkin da na yi wa ha'inci, kuma duk inda kika juya a tsakar gidan nan aikin hannuna za ki gani, ni kaɗai ne ba za ki gani ba.

Ko kin aiko ko ba ki aiko ba, zuciyar nan ba ta da wata mai ita har ranar da za a auna min farin yadi. Zaren ruwan goro yana kan keke, ban cire ba.

Naki, mai fushi da ke, mai sonki fiye da fushin,
Inusa