Kwalayen Soso a Siton Alhaji

Bagwai, 3 ga Maris

Zuwa ga Yaya Kaltume,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da Malam da yara. Yaya ƙafar taki? Inna tana nan ƙalau. Na ba direban Zakirai wannan takarda ne don abin da ke raina ba zai faɗu a waya ba.

Kin san siton kayan roba na Alhaji Muhammadu Sani, inda na shekara goma sha ɗaya ina riƙe da mukulli. Za a sa masa bututu a rufi, mai yayyafa ruwa da kansa in gobara ta tashi. Wata Injiniya Tahira ta zo daga Kano, ta ce kafin a sayo bututun sai an rarraba kaya aji-aji, don ba duk roba ke cin wuta iri ɗaya ba. Bokiti da buta na cikin kwali ajinsu daban. Soson filo ya fi su haɗari, ruwa mai yawa yake bukata.

Ƙaninmu Abdulkabir ta damƙa wa aikin, wanda ni na roƙa masa gurbi bara. Wai ya yi difloma. Yanzu yana yawo da alli a hannu, Alhaji na kiransa ƙaramin injiniya. Yaron da na goya zuwa gona. Kishi nake ji, Yaya, kuma ina tsoron mukullin nan zai bar hannuna.

Ƙaninki,
Sabiru

Bagwai, 12 ga Maris

Yaya Kaltume,

Ina gaisuwa, da fatan kowa lafiya. Saƙon daddawa ya iso, Inna na godiya.

Ɗan bokon naki ya yi kuskure. Kin san mu ba ma yar da kwali, duk wanda aka kwashe sai mu zuba wani abu a ciki. Kwalayen bangon gabas, sun fi ɗari uku, a jikinsu an rubuta kofuna, amma soson filo ne cunkushe a ciki. Ni na cika su da hannuna. Abdulkabir ya karanta rubutun, ya shafa musu allin ƙaramin aji, bai ko ɗaga ɗaya ya ji rashin nauyinsa ba. Ina tsaye a bayansa, na ja bakina na yi shiru. Har na ji daɗi, Allah ya yafe mini.

Naki,
Sabiru

Bagwai, 2 ga Afrilu

Yaya,

Ina fatan kuna lafiya. Ni dai jiki ƙalau.

Jiya aka sauke bututun. Da na ga Alhaji yana dafa kafaɗar Abdulkabir a gaban leburori, zuciya ta ɗebe ni, na farke kwali ɗaya, soso ya yo tsalle waje. Na zaci yaron zai sha kunya. Injiniya ta ce wannan bututun ya yi ƙanƙanta, da wuta ta kama soson nan sai ta fi ƙarfin ruwan, ta haura katanga zuwa gidajen unguwa. Kin san ɗakin Inna da rumbunmu ne a bayan bangon gabas. Wallahi sai a lokacin na tuna.

Alhaji bai ko kalli Abdulkabir ba. Ni ya tambaya tun yaushe na sani. Ya karɓi mukullin ya miƙa wa Abdulkabir.

Yaron nan ya durƙusa yana roƙo kada a kore ni, wai laifinsa ne da bai tambayi yayansa ba. An bar ni a aikin ɗora kaya. Da asuba ya zo ya gaishe ni kamar kullum, ya sa mukullin a aljihun baya don kada in gani. Amma ina jin ƙararsa duk takun da ya yi.

Kada ki gaya wa Inna zancen bangon. Ki sa ni a addu'a.

Ƙaninki,
Sabiru