Hatsin Gamanarki, Saratu

Saratu,

Gaisuwa mai yawa, da kewa. Na san wannan takarda ba za ta kai gare ki ba, amma ba ni da wanda zan faɗa wa sai ke. Yau wata goma sha tara rabona da Dakoro, tun ranar da aka yi wa kumandan canji zuwa Yamai ya ce ni mai dafa masa abinci in biyo shi. Kaka ta sake zagayowa. Shekara guda ke nan da rufe ki, har yau ban ga kabarinki ba.

Kowace Litinin matar kumandan takan rubuta abincin mako a takarda ta liƙa mini a ƙofar madafa. Duk na ɗaga ido na gan ta sai in tuna ƙorenki bakwai. Ke ba ki da takarda. Ranar Asabar da hantsi kike cire dami daga rumbunki ki sussuke, ki auna hatsin kowace rana a ƙwaryarta, ki rufe da faifai. Ranaku huɗu da muke girbi a gonar gandu tare da Yaya Baƙo, fura ce da rana, da yamma wake da kabewa, tunda ba mai dawowa da ƙarfin tuƙa tuwo. Ranakun da kike gamanarki, ɗan filin nan naki na kanki, a nan muke ganin tuwo da miyar kuɓewa ɗanya, wani lokaci yakuwa. Asabar daka biyu kike yi, don kada taɓarya ta motsa a gidanmu ranar Lahadi. Maƙwabta suna dariya wai turmin Kiristoci ma zuwa addu'a yake. Ni ma na yi dariyar, kin sani.

Ga abin da ba ki sani ba. Wata Laraba na yi baƙo daga Ɗan Gulbi, na ɗebi hatsi daga ƙwaryar Juma'a na ba dokinsa, don a ce ni mutum ne. Juma'ar nan kika ce cikinki ba daɗi, kika raba wa yara naki. Na gane, amma na ci tuwona. Ki yafe mini.

Yanzu labarin gida. Shekara guda Baƙo yana aiko mini cewa kowa lafiya. Makon jiya takardar Malam Ishaku, mai yi mana jagoran addu'a, ta iso ta hannun wani mai mota. Kin san al'ada: an gama girbi, maigida ya liƙe rumbun gandu da laka sai damina, mata su ci da ɗiyansu daga gamana. To, kwana uku da rasuwarki Baƙo ya kwashe damin gamanarki ashirin da uku ya zuba a rumbun gandu, ya liƙe. Ya ce yara su ci a tukunyar gidansa. Har nan ban ga laifi sosai ba. Amma ya kafa doka: yarinyar da ba ta yi daka ba, ranar ba ta da rabo. Hannatu kuwa ɗiyarki ce. Kwana shida tana daka wa gidansa har hannunta ya yi kanta, ranar Lahadi ta ajiye taɓarya. Ta roƙa a bar ta ta yi biyu ranar Asabar kamar yadda kika koya mata, ya ƙi. Don haka duk Lahadi ba ta ci. Iliya, mai shekara shida, ya ce shi ma ba zai ci ba in yayarsa ba ta ci. Sai in Malam Ishaku ya faki ido ya miƙa musu fura ta kan darni.

Shekara guda, Saratu. Ya buɗe rumbun da damina, ya sake liƙewa bayan girbi, naki bai fito ba. Hatsin da kika nome da ciwo a jikinki yana nan a bayan laka, taki goma daga inda suke zaune. Ni kuwa ina nan ina gasa wa wasu kaza ranar Lahadi. Wane irin uba ne ni?

Ba zan yi wa Baƙo ƙarya ba. Shi ya haƙa kabarinki da hannunsa lokacin da mutane suka tsaya nesa suna shawarar ko ya halatta su binne Kirista. Bai taɓa dukan yaran ba. Wannan yana nan a zuciyata, ba zan goge shi ba. Amma ba zai wanke abin da ya yi wa yaran ba.

Ki ji abin da zan yi. Ranar kasuwa zan shiga gari, da rana tsaka, in kira dattawan unguwa su tsaya. Da hauyata zan fasa lakar rumbun nan. Zan cire dami ashirin da uku, ba zan ƙara ko zangarniya ɗaya ba, Hannatu ce za ta ƙirga da bakinta Baƙo yana ji. Daga nan a raba gandu. Gonar babanmu a ja mata iyaka, hannuna ba zai ƙara noma masa kunya ɗaya ba. Ya tsufa, ɗiyansa ƙanana ne, na san abin da hakan zai yi masa. In damina ta matse shi, ɗiyansa su zo su ci har su ƙoshi, kowace rana. Shi kuwa in yana so, ga turmi ga taɓarya, ya daka rabonsa a tsakar gidana mata suna kallo.

Malam Ishaku ya rufe takardarsa da cewa in tuna an umarce mu da gafara. Na tuna. Ke da kin yafe tun kafin a roƙe ki. Ni sai na ga damin nan a ƙasa tukuna. Laifi ne? In laifi ne, ki faɗa wa Ubangiji a madadina, kin fi ni kusa.

Na gaya wa kumandan ƙarshen watan nan zan tafi. Abin da na iya tarawa: kuɗin mota zuwa Maraɗi, shinkafa tiya huɗu, kan sukari biyu, zane ɗaya na Hannatu. Daga Maraɗi zuwa gida da ƙafa zan ƙarasa.

Ki huta lafiya.

Mijinki,
Dauda ɗan Arzika, daga Yamai