Takalman da Ba na Baba Ba

Litinin, 3 ga Maris

Mujallar wannan wata ta iso. Shekara biyu ke nan da na yi rajista. Da aiki ya lafa a shago na yi abin da na saba: na zaɓi labarin da ya fi daɗi, na buga shi a kwamfuta kalma bayan kalma, sannan na goge. Ban je makarantar marubuta ba. Ni mai buga wa mutane takardu ce, da yatsu nake gane abu. Mai Hoto da muke raba shago ya leƙo ya ce, "Malama, an sake wanke kayan da wani ya riga ya shanya?" Ko kallo bai ishe ni ba.

Alhamis, 6 ga Maris

Wata uku da na tura wa mujallar labarina na rasuwar Baba. Shiru. Waya ta gaji da ni.

Asabar, 15 ga Maris

Sun karɓa! Zai fito a watan Mayu. Editar ta ce wurin da ya fi taɓa ta shi ne inda Inna ta hana a ɗauke takalman Baba daga bakin ƙofa, "kada ya dawo ya rasa abin sawa." Na kasa zama. Sau biyu ina ɓata wa wani tsoho takardar neman fansho.

Na karanta wa Yaya a waya. Ta ce, "Ya yi daɗi, ƙanwata. Amma yaushe Baba ya taɓa barin takalmi a waje? Mutumin da ke shiga da su ɗaki a hammata?" Na ce ai labari ne. Ita Yaya ko mafarki ka ba ta sai ta nemi shaida.

Lahadi, 6 ga Afrilu

Yaya ta zo taya ni gyaran kicin. Kafin in ankara ta yayyage tsofaffin mujalluna biyu ta shimfiɗa a kabad. Na yi faɗa, ta ce, "An karanta ai, ko jira kike su yi jikoki?"

Ina jera kofuna idona ya sauka a kan kalmar takalmi. Na janye kofin. Wata gwauruwa ce a labarin wata marubuciya, fitowar bara. Takalman miji a bakin ƙofa. Kada ya dawo ya rasa abin sawa. Layi huɗu, kusan babu abin da na canza.

Na tuna ranar da na buga shi. Na goge a kwamfuta, ashe yatsuna ba su goge ba.

Na ninke shafin na cusa a jaka. Yaya ta ce lafiya? Na ce kaina ne.

Litinin, 7 ga Afrilu

Wallahi ban sani ba. Amma wa zai yarda? A mujallarsu ma! Ita Editar da kanta ba ta gane ba, to wa zai gane? Layi huɗu cikin shafi shida. Sauran duk nawa ne.

Nawa ne? Na kwashi awa biyu ina bin tsofaffin fitowa ina neman jimlolina. Ban samu ba, hankalina kuma bai kwanta ba.

Talata, 8 ga Afrilu

Na fita sayen tawada sau biyu alhali akwai. Na share shago, na sake sharewa. Mai Hoto ya ce, "Yau ko kujerar ce ke cizo?"

Abin da ya fi ƙona min rai ba kunya ba ce. Mahaifina ne. Na zauna rubuta mutuwarsa na ara masa takalman mijin wata. Kuma Yaya ta faɗa tun farko, na ce ta cika tsegumi.

Haushin mujallar nake ji, kamar ita ta kama hannuna.

Juma'a, 11 ga Afrilu

Na rubuta wa Editar. Na faɗi komai, har da hoton shafin da shatin gindin kofi a kai. Na aika mata abin da ya faru da gaske a madadin wancan wuri: Baba ba ya barin batir a rediyo, wai yana shanyewa ko an kashe. Cirewa yake yi ya sa a hula. Ranar da muka kwashe kayansa Inna ta ɗaga hular, batir biyu suka gangaro ƙasa, muka fashe da dariya gaban masu gaisuwa, daga nan sai kuka.

Bai yi kyau kamar takalman ba. Jimlolin duk a karkace.

Laraba, 16 ga Afrilu

Editar ta amsa. Ta gode da gaskiya. Ba za su iya sa labarin a Mayu ba, sai sun bi sauran layi-layi, kuma ba ta yi alkawari ba. A ƙasa ta ƙara: "Batir ɗin ki riƙe shi."

Na yi kuka a bayan injin kwafi. Ba don komai ba, na riga na gaya wa rabin unguwa.

Alhamis, 1 ga Mayu

Mujallar Mayu ta iso, babu sunana. Na duba jerin sau uku, wai ko.

Na karanta labari biyu, hannuwana a ƙarƙashin cinya kamar mai jin sanyi. Akwai wanda ya yi daɗi ƙwarai. Na rufe, na tambayi kaina me ya sa ya yi daɗin, abin da ban taɓa tsayawa yi ba. Takardar sabunta rajista na ciki. Na cike, ban aika ba tukuna. Zan aika.

Jiya na karanta wa Yaya wurin batir a waya. Ba ta ce ya yi daɗi ba. Sai kawai ta ce, "Hular nan tana wurina." Muryarta ba daidai ba.

Na sayi littafin rubutu da biro. Ba wani abu ba ne, kwamfutar shago ce ke yawan tsayawa. Shafi uku yau, duk soke-soke, rubutun kamar tafiyar kaza. Mai Hoto ya leƙo ya ce na wa ake kwafa?

Na ce ba na kowa ba.