Gam Ɗin da Ba Ya Ɓamɓaruwa Nake So

Ustaz Abdulkabir, ka taimake ni ka raba mu da 'yata Zuhur, don gardama ta kai ba ma cin kuskus a akushi ɗaya ranar Juma'a. Ban yi boko ba. Ita ce ke rubuta wannan, na kuma rantsar da ita kada ta canza ko kalma ɗaya.

Gyaran rediyo nake yi a kasuwar Derb Ghallef, nan Kasabalanka, tun da baƙin gemuna. Duk tsohon da ya zauna shan shayi a rumfata sai na kunna masa rakoda. Masu waƙar ƙauye, masu tatsuniyar dandali, wata tsohuwa da ta san sunan kowace rijiya a yankin Dukkala, har da mahaifiyar Zuhur tana yi mini faɗa a kan na'ana'a, Allah ya jiƙanta. Da kaset-kaset ɗin suka fara cin kansu na juye su cikin wata tsohuwar kwamfuta. Har yau mutane na zuwa su ce, Alhaji kunna mana babanmu.

To, ƙugiyar da ke danne ƙarfen sanyaya a kan ƙwaƙwalwar injin ta karye. Ka san shi, ƙarfen nan mai haƙora kamar mashaci. Yanzu da an kunna sai ta ɗau zafi ta mutu. Ni na sayo gam mai ɗauke zafi, irin mai kwalba biyu da ake kwaɓawa, wanda in ya kama ya kama har tashin ƙiyama. Zuhur ta ɓoye shi. Wai a shafa farin man nan na kullum a sa sabuwar ƙugiya, don a iya cirewa gobe. Wai kaina ya fi teburin aikina tauri. Ni kuwa na ce mata takardar shaidar karatunta ba ta taɓa ƙona yatsa ba.

A iya cirewa! Abin da ba na so ke nan. Da abokina Busha'ib ya rasu, ba a gama zaman makoki ba dillalai suka shiga rumfarsa da sukundireba. Wannan ya ɗau fanka, wancan ya ɗau ƙarfe, kafin la'asar aikin rayuwarsa ya zama kwali uku a bakin hanya. Ina tsaye ina kallo. Ni ba za a yi mini haka ba. Zan manne komai yadda duk wanda ya ja sai ya fasa, ya ga ba riba ya ƙyale mini mutanena. In taurin kai ne, na ji, da shi za a binne ni. Ka dai gaya mata ta fito mini da gam ɗina.

Tsoho Mai Rediyo, Kasabalanka

Baffa, Allah ya ja kwana. Ba zan ce ta fito da shi ba, amma ka saurare ni har ƙarshe.

Tsoronka gaskiya ne, duk wanda ya san kasuwa ya ga irin abin da ya sami rumfar Busha'ib. Kuma gam ɗinka ba banza ba ne. An yi shi ne don ƙananan ƙwayoyin lantarki na cikin injin da ba su da inda za a saƙala ƙugiya. Ko nan ma ɗan siriri ake shafawa bayan an goge wurin tas, a kuma zaɓi wanda wuta ba ta bi ta cikinsa. Amma babbar ƙwaƙwalwa ta fi samun sanyi da man shafawa da ƙugiya mai dannewa sosai. In ka manne ta, ranar da ta buƙaci gyara hannun da zai fasa ta naka ne ko na Zuhur, ba na dillali ba. Dillali kuwa bai damu ba, a kilo zai auna ta, manne ko sake.

Sannan ka fi ni sanin cewa muryoyin nan ba a ƙwaƙwalwar suke ba, a faifan ajiya suke, shi kuma faifai yana tsufa kamar ni da kai. Kafin kowa ya taɓa komai, Zuhur ta ciro shi ta kwafe abin da ke ciki wuri biyu, ɗaya a gida, ɗaya a hannun wani amintacce. Iyalan da ke zuwa saurare, a ba kowa muryar nasa ya tafi da ita. Abin da ke gida hamsin ba a kwashe shi a kwali uku.

Akwai abin da ya fi damuna. Wa ya san sunan tsohuwar nan mai sanin rijiyoyi in ba kai ba? Ku zauna da Zuhur, ta kunna, kai kuma ka faɗi wane ne wannan, ɗan wane gari, me ya kawo shi rumfarka, rakoda tana ɗauka. Lokaci ya yi da za ka shiga cikin mutanenka da taka muryar.

Ke kuma Zuhur, tunda ke za ki karanta masa, ki daina ɓoye wa mahaifinki kayan aiki. Ki sayo ƙugiyar, ki bar shi ya ɗaura da hannunsa.

Baffa, kana neman abin da zai riƙe bayan ba ka. Yarinyar da ka yi wa gori a gaban jarida, ta rubuta gorin da hannunta ba ta rage ko harafi ba, ba ita za ta buɗe wa dillalai ƙofa ba. Allah ya sanyaya injin, ya sanyaya zukata. Juma'ar nan a koma akushi ɗaya.

Abdulkabir