Wata huɗu ina ba maƙwabci tuwon Yayata, yanzu ta daina aiko kwano

Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Admin, a taimaka a sakaya sunana, garinmu ba shi da girman da mutum zai ɓuya a cikinsa. Don Allah shawararku nake nema, musamman waɗanda suka taɓa fama da rage ƙiba, da waɗanda ke da tsohuwa a gida.

Ni dattijo ne, na doshi saba'in. Na yi aikin karanta labarai a gidan rediyo har na yi ritaya, na dawo gida Daura. Matsalar tsakanina da yayata ce, uwa ɗaya uba ɗaya, wadda ta ba ni shekara goma sha ɗaya. Sai na ɗan koma baya kafin ku gane nauyin abin.

Farin nan na farkon shekarun saba'in ya same ni a hannunta ina makaranta, don mahaifiyarmu ta rasu, mahaifinmu kuma yana ƙauye wajen Baure. Mijinta dillalin shanu ne, shanun kuwa faɗuwa suke yi a hanya kafin su isa kara. Sau ɗaya ake ɗora tukunya a gidan. Kullum idan ta miƙo min kwanona sai in tarar da malmala biyu, alhali kowa ɗaya aka ba shi, in na tambayi nata sai ta ce ta ci a maƙwabta. Na daɗe ina yarda, ko in ce na daɗe ina son in yarda, har ranar da na dawo da wuri na same ta ta jiƙa ƙanzon tukunya da ruwa tana sha, ga goyo a bayanta. Na juya kafin ta gan ni. Ranar ma na cinye malmala biyun.

Bayan 'yan shekaru kuɗin mai ya shigo ƙasa, ni kuma na sami aiki a Kaduna. Wanda bai ga lokacin ba ba zai gane ba. Burodi da bota, shayi da madarar gwangwani har ya yi kauri, shinkafar waje, daskararrun kaji, lemon kwalba a kowane ofis. Na ci kamar an ce gobe za a rufe kasuwa. Sallar farko da na zo gida, Yaya ta kama wuyan hannuna ta zagaye shi da yatsunta, yatsun suka ƙi haɗuwa, sai ta rangaɗa guɗa ta ce, “Alhamdulillahi, Auta ya zama mutum.” Tun daga ranar ƙibata ta zama abin alfaharinta. Ko baƙi ta yi sai ta nuna musu hotona, ta ce ku dubi wuyan nan.

Da na dawo Daura da zama, ta ɗauki al'adar aiko min da kwano kullum bayan la'asar. Ɗanta Lawal, magidanci ne da iyalinsa, shi ke kawowa a babur in zai koma shago. Tuwon gero malmala uku, miyar kuka da ta ji daddawa, man shanu yana yawo a kai. Tana da surukai, amma wannan tukunyar ba ta yarda kowa ya taɓa ba, ita ke tuƙawa da hannunta, tana kusa da tamanin.

Bara idona ya fara yin hazo, ƙafata tana yin sanyi kamar ba tawa ba. Likita ya auna ya ce suga ne da hawan jini, ya ce in ban rage jiki ba abin da zai biyo baya ba mai daɗin faɗi ba ne. Na fara da hana kaina komai, sati biyu na karye. Na sake, na sake karyewa. Sai na zauna na dubi kaina kamar yadda nake duba labari kafin in karanta shi, na tambayi kaina gaskiyar abin. Na gano ba yunwa ke sa ni ci ba. Ban taɓa iya barin loma a kwano ba, ko na ƙoshi har wuya. In na ga abinci, wani abu a cikina yana cewa cinye, ba ka san gobe ba. Shekara hamsin da wucewar fari, firij cike, amma cikina bai sami labari ba.

Abin da ya taimake ni daga wurin aiki na samo shi. Mai karanta labarai yana koyon riƙe tari, in jar fitila tana kunne ba ka da ikon yi, sai ka jira, kuma sau da yawa kafin fitilar ta mutu tarin ya wuce da kansa. Haka na riƙa yi wa kwaɗayi. In ya taso ba na faɗa da shi, sai in ce to na ji, jira minti goma. Yawanci ya wuce. A wata bakwai na sauke kilo goma sha huɗu, idona ya washe, ina zuwa masallaci a ƙafa ba tare da na tsaya hutawa ba.

Abinci ɗaya ne dabarar ta ƙi aiki a kansa, tuwon Yaya. Likita bai hana ni tuwo ba, ya ce malmala ɗaya ƙarama da miya da yawa ba laifi. Laifin nawa ne. Sau uku na buɗe kwanon da niyyar cin ɗaya, sau uku na farga ina lashe yatsa, kwano fes. Kuma duk ranar da haka ta faru sai in yi mako guda ina cin duk abin da na gani, na'urar awo tana nuna min lambobin da nake ɓoye wa maiɗakina.

Na gwada gaya mata. Ta ce, “Likitan nan shi ya raine ka? Ciwon suga na masu shan zaƙi ne, ka taɓa jin suga a tuwona?” Ta kama wuyan hannuna, wannan karon yatsunta suka haɗu har da saura. Sai ta tambaye ni a hankali ko wani ciwo ne nake ɓoye mata, ko kuwa matata ce ta daina kula da ni. Washegari malmala huɗu ta aiko.

A nan na yi kuskuren. Maƙwabcina Malam Sule tela ne, yana da iyali da yawa. Na ce masa kullum za a miƙo kwano ta katanga, su ci su wanke su dawo da shi, amma maganar ta tsaya tsakaninmu. Maiɗakina ta ce min wannan ba zai ɗore ba, na ce ta bar ni. Wata huɗu ana haka. Yaya tana ganin kwano ya dawo babu komai tana murna, ni ina ci gaba da sauka, ta ce lallai akwai abin da ke cin jikina, ta fara aiko da rubutu da jiƙo.

Na roƙi Malam Sule ya riƙe sirri, ya kuma riƙe. Abin da ban lissafa ba shi ne matarsa. Mace mai kunya ba za ta ci abincin wani gida wata huɗu tana mayar da kwano wayam ba, ko godiya babu. Ni da na yi shekara arba'in a waje na manta da wannan. Ta san kwanon, ta san mai shi. Ran nan ta wanke shi, ta jera ƙwan zabi a ciki, ta yafa mayafi ta tafi gidan Yaya da kanta. Ta durƙusa ta yi godiya, ta ce yaranta har sun saba, ba su taɓa cin miyar kuka irin wannan ba, Allah ya saka da alheri. An ce Yaya ta karɓe ta hannu biyu, ta ba ta goro, ta raka ta har zaure.

Washegari kwano bai zo ba. Yau kwana goma sha ɗaya.

Na je gidan. Ta amsa gaisuwata da “Sannu da zuwa Alhaji,” ita da ba ta taɓa kirana da wani suna ba sai Auta. Ta sa aka kawo min ruwa, ruwa kawai. Na fara bayani, ta ɗaga hannu ta ce ba ta yi fushi don an ba mabukata ba, sadaka ce, Allah ya karɓa. Ta ce abin da ya tsaya mata shi ne wata huɗu tana shaƙar hayaƙi tana cewa a ranta Auta yana ci, ashe ita kaɗai ce a garin ba ta sani ba. “Da ka ce ka ƙoshi da ni, ai da na huta.” Daga nan ta juya tana jan carbi.

Lawal ya ce tun ranar ba ta sake shiga madafi ba. A da tuwon nan ne ke tayar da ita, ta sa a kai niƙa, ta tankaɗe, ta yi faɗa da mai man shanu. Yanzu tana zaune, kunu kawai take sha, shi ma sai an matsa. Maiɗakina ta ce in je in ci a gabanta har ta gamsu, rana ɗaya ba ta kashe mutum. Ni na san kaina, a wurina ba ya tsayawa a rana ɗaya, kuma in na cinye, kwano zai dawo kullum kamar da, in koma inda na fito ko in koma ƙarya.

Ɗazu Lawal ya zo da saƙo. Ta ce ranar Juma'a bayan an sauko za ta tuƙa tuwo. In na zo, to. In ban zo ba, ta ba surukarta tukunyar da muciyar, ta gama.

Zuwa kam zan je. Abin da ban sani ba shi ne abin da zan yi in ta buɗe kwanon ta zauna tana kallon hannuna. In ci ɗaya in tsame hannu, ta ga na bar mata saura? In ce mu ci tare a kwano ɗaya, abin da ba mu taɓa yi ba? Ko in gaya mata na ga ƙanzon nan da ta jiƙa, na kuma yi shiru na cinye rabonta, maganar da ban taɓa yi mata ba? Ku da kuka rage jiki, ta yaya mutum ke cewa ya ƙoshi a gaban wadda ta ji yunwa dominsa? Yau Laraba, don Allah kada ku jinkirta.